Jitar Kofur Dawuda

Da safe Keziah ta sauke jitar daga saman kabad, ta shiga ƙuryar ɗaki da ita, ta rufe ƙofa. Matan da suka zo daga ƙauyen Manga suka kalli juna. Haka take yi tun mijinta Dawuda na nan. Ba ya hawa dandamali sai ta keɓe da jitar tukuna. Addu'a take yi mata, in ji mutane.

A ƙarƙashin mangwaron tsakar gida mutumin yana zaune yana jira. Wuta ta cinye rabin fuskarsa, muryarsa ta zama kamar ana jan kwano a kan siminti. Makon da ya wuce ya sauka a tashar Zuru, ya taka har ƙofar gidan ba tare da ya tambayi kowa hanya ba. Ya ce shi ne Kofur Dawuda, wanda aka ce ya ɓace a yaƙin Saliyo shekara shida da suka wuce.

Ya san gonar da Dawuda ya yi golmo, noman da saurayi ke yi wa surukansa kafin a ba shi mata. Ya san sunan karen gidan da ya mutu. Jessica, wadda aka bari tana rarrafe, ta fara kiransa Baba tun kwana na biyu. Keziah kuwa a zaure take shimfiɗa masa tabarma.

Mika, yayan Dawuda, tsohon saje ne, bai yarda ba.

"Duk wanda ya kwana rami ɗaya da mutum zai san sunan karensa," in ji shi. "Maman Jessica, kawo jitar. In ya kaɗa, ƙanena ne, ya shiga ɗakinsa. In ya kasa, da hannuna zan kai shi bariki."

Kowa ya san gwajin ba wasa ba ne. Dawuda a gindin molon kakansa ya tashi, ya koyi jita a coci, sannan ya dawo daga Laberiya da kaset na baƙaƙen Amurka, masu sa jita ta yi kuka kamar mace a gidan mutuwa. Ya ce kiɗan kakansa ne ya je ƙetare ya dawo da lantarki. Ya cire tsirkiya ɗaya, sauran biyar aka ɗaure su irin ɗaurin molo. Makaɗan Kontagora da Kaduna sun gwada ta, sun ajiye. Waƙoƙinsa na matan sojoji masu jiran mazajensu sun cika kaset biyu, ana jin su a kowace motar haya.

Yana da halinsa. Ba ya zuwa wasa ko'ina sai da Keziah, har abokai na tsokanarsa wai ita ce kwamandansa. In ana masa magana, bakin mutum yake kallo. Da za a tafi Saliyo ya bar jitar a gida, abin da ya ba kowa mamaki.

Keziah ta fito ta miƙa wa mutumin jitar. Aka jona waya da lasifika da batirin mota. Mika ya ajiye adda a gefen kujerarsa.

Mutumin ya shafa tsirkiyoyin sau ɗaya. Sai ya fara.

Waƙar da Dawuda ya yi wa mahaifiyarsa ce. Sautin ya fito da ƙugi, ya hau, ya karye daidai inda yake karyewa. Ya ja tsirkiya da yatsa har ta yi ƙara irin ta ɗan akuyan da aka yaye. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka. Mika ya share hawaye, ya juya wajen Keziah.

"Maman Jessica," ya ce, "ke za ki faɗa."

Keziah ta dubi hannuwan, ba fuskar ba.

"Shi ne, Yaya."

Aka yi guɗa. Aka yanka akuya. Fasto ya yi godiya ga Allah mai mayar da ɓatattu. Matan Manga suka kwashe tabarmar zaure, suka kai jakar mutumin ɗakin Keziah suna mata tsiya. Kafin la'asar gidan ya watse. Mika ne ya fita ƙarshe, ya rungume mutumin, ya hau babur ya kama hanyar Mahuta.

Jitar ta wuni a rana jingine da bango. Mutumin ya ɗauke ta, Jessica na zaune a jikin gwiwarsa. Keziah na wanke tukwane a bakin rijiya, nesa da su. Cokali ya zame mata ya faɗi a kan yashi.

"Cokalinki ya faɗi," ya ce, bai waiwayo ba.

Ya taɓa tsirkiya ta uku, ya yamutsa abin da ya rage na fuskarsa.

"Rana ta sauke wannan."

Ya karkata kai, ya murɗa maɗaurin kaɗan, ya saurara, ya ƙara murɗawa. Sautin ya hau ya zauna daidai. Ya shafa kan yarinyar, ya ce ta tashi ta sa wa ƙofar gida sakata.

Keziah ta miƙe, ruwan sabulu na bin hannunta. Ƙarar babur ɗin Mika ta riga ta ɓace.

Ba addu'a take yi a ƙuryar ɗaki ba, yau da safe ko a da. Sirrinsu ne su biyu, don kada soja su sallame shi: tun da igwa ta tashi kusa da kansa a Laberiya, kunnen Dawuda ya lalace, bai ƙara gane tsirkiyar da ta sauka ba, ita ce take saita masa jita.