Dodanni Shida, Babu Mai Garkuwa

"Wa ya ce ki taɓa mini waya? Yau fa zan kara da 'yan Kusada!"

Ita dai abu ɗaya ya ɗaure mata kai: me ya sa dodannin wasan da ke cikin wayar mijinta kullum suke laɓewa bayan garkuwa har a cinye su? Yana tafiya masallaci ta kori matsoratan, ta jera masu cizo shida.

"Maigida, so nake in ga ko suna da haƙora."

Ya shiga wasan don ya nuna mata ɓarnarta. Kafin tuwo ya huce, dodannin Kusada sun ƙare ƙaf.

Ya harare ta. Bai sauya ko dodo ɗaya ba, ya soka wayar a aljihu, ya fice ya bugo ƙofa.