Burtsatsen da Aka Zaɓa ta Waya

Kai da aka ɗora wa aikin jin ta bakin jama'a, ga wani misali ka riƙe.

An yi wani ma'aikacin wayar da kai a wata ƙaramar hukuma, mutum ne da ya ga jiya ya ga yau a harkar taro. Shekara ashirin yana ɗaura lasifika a bayan babur yana bin ƙauyuka, yana koya wa mutane yadda ake yankar katin zaɓe, da yadda talaka zai tsare kansilansa da tambaya. Akwai wani ƙauye a gindin dutse da ya san tsarin taronsu kamar yunwar cikinsa. Dattawa ke fara magana, sai magidanta, sai samari in an ba su dama. Mata kuwa suna can bayan zana, ko tarinsu ba a ji sai maza sun gama sarai. Sannan wata tsohuwar ungozoma, wadda ta yanke cibiyar rabin mutanen da ke wurin, ta faɗi abin da mata suka tsayar. Sau da yawa maganarta ke rushe abin da aka wuni ana ginawa, don haka ba ya naɗe tabarma sai ya ji ta bakinta.

Sai ga annoba ta sauka. Aka hana taro, aka rufe kasuwa. A daidai lokacin kuma rabo ya faɗo wa ƙauyen: rijiyar burtsatse guda ɗaya tak, kuma dole jama'a su faɗi inda za a haƙa ta kafin damina, in ba haka ba a kai ta wani gari. Daga ofis aka ce ya yi taron ta waya. Da fari ya yi ta gunaguni, amma da ya ɗanɗana sai abin ya yi masa daɗi, ba zafin rana, ba facin taya, yana kishingiɗe a zaurensa. Shi kuwa ƙauyen, sabis ba ya kamawa sai a kan tudun tasha. Ranar taro masu manyan wayoyi suka hau tudu, kowa ya ja gefe don ba da tazara, yawancinsu direbobi da 'yan acaɓa da masu shaguna. To mutumin da yake wuni a tasha, in ka tambaye shi inda ya dace da ruwa, ai ba zai nuna maka bayan gari ba. Suka ce tasha, nan ce cibiyar jama'a.

Da suka gama, ma'aikacin ya yi abin da ya saba, ya ce saura mata. Ya jira. Sunaye suka riƙa ɓacewa daga fuskar wayarsa ɗaya bayan ɗaya, wannan datarsa ta ƙare, wancan cajinsa ya mutu, kowa ya zura waya a aljihu ya gangara. Matan ba su da irin wannan waya, kuma babu wadda za ta hau tasha ta kutsa cikin maza ta karɓi ta mijinta ta yi magana. Abin ya ɗan tsaya masa a rai. Amma ga takarda a gabansa da suna arba'in da bakwai, abin da ko a taron ido da ido ba kullum yake samu ba, ga kuma damina ta ƙarato. Ya ce a ransa shiru ma ai amsa ce. Ya rubuta cewa jama'a sun amince baki ɗaya.

Aka haƙa, ruwa ya fito, aka turo masa hoto ya yi hamdala. Bayan wasu watanni aka ɗage dokar hana taro, ya hau babur ya tafi ganin aikinsa. Ya tarar da famfo sabo fil, 'yan acaɓa sun jera babura suna wankewa. Mata kuwa suna wucewa ta gefen famfon da bokitai a ka, ko kallonsa ba sa yi, sun nufi rafin da ke da tafiyar sa'a guda. Ashe ruwan zartsi ne a ƙarƙashin tudun nan. Tun zamanin kakanni an taɓa gina rijiya a wurin aka binne ta, domin ruwanta ba ya dafa wake, sabulu ba ya kumfa a cikinsa. Maza sun manta, don ba su ke girki ba. Kowace mace a garin kuwa ta san da haka tun ranar da ta fara ɗora tukunya.

Ya gangara gidan ungozoma. Ta tarbe shi da fara'a, ta ba shi wurin zama, ta tambayi iyali da yadda aka ji da annoba. Ba ta ɗaga zancen taro ba. Ta dai ɗauko kwanon sha, ta wuce randarta, ta ɗebo daga wani bokiti da ke ajiye a bakin ƙofa.

"Ga ruwa, Malam," in ji ta. "Na rijiyarka ne. Tun jiya na sa aka ɗebo maka, da na ji za ka zo."

Ruwan baƙo ba a mayar da shi. Ya kafa kai, gishiri da ɗaci suka shaƙe masa maƙogwaro, kunya ta rufe shi, ya daure ya shanye tas, tana tsaye tana jiran kwanonta.

Burtsatse dai an riga an haƙa, ba kuma za a sake ba su wani ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.