Ɓerayen da Ba Su Janye Wutsiya Ba

"Inna, yaya ciwon yau?" Hamdiya ta tambaya.

Inna ta juya fuska bango. Hamdiya ce 'yar farinta. Ko sunanta ba ta faɗa, balle ta yi raki a gabanta.

"Da sauƙi," ta ce.

Hamdiya ta yarda, don a ganinta ta san ciwo. Shekara huɗu ta yi a ɗakin binciken jami'a tana ɗiga wa ɓeraye magani a gindin ƙwaƙwalwa, wurin da jiki ke danne zafi da kansa. Sai ta ɗora wutsiyarsu kan ƙarfe mai zafi. Wanda ya fizge, yana jin ciwo. Wanda ya kwanta lamo, ta rubuta ya samu sauƙi. Ɓera tamanin ba su motsa ba, kuma da su za ta zama dakta.

Ta sallami motar da ta zo garinsu Jabo ɗaukar Inna zuwa asibitin Sakkwato. A bari sai bayan girbi.

Inna ba ta kai girbin ba.

Bayan jana'iza, Goggo Atu ta miƙo wa Hamdiya matashin Inna. Haƙora sun yayyaga shi.

"In kin shigo, shi taka cizo," in ji Goggo. "Da kin fita, har maƙwabta na jin kukanta."

Hamdiya ta kira abokin aikinta a waya.

"Gazali, ɓerayen nan da munka ba magani, mun taɓa duba ko suna ma iya ɗaga wutsiyar?"

"Ba mu taɓa dubawa ba," in ji Gazali.