Audugar Baba Kaca

Sai da ma'aikaciyar jirgi ta jijjiga shi da hannu biyu kafin Baba Kaca ya farka. Ya goge miyau, ya lalubi tabaraunsa, ya tarar ya zaune shi ya fashe.

Baba Kaca gyaran keke yake yi, bai taɓa wuce unguwarsu da kasuwar kayan ƙarfe ba. Ni kuwa, da na san duniya kamar aljihuna, ni na shirya shi. Na ce ya cusa auduga a kunne har can ciki saboda ƙarar jirgi, ya sha maganin barci, ya sa kwat biyu don sanyin can ba na wasa ba ne. Na kuma ja masa kunne: kada ya yi wa kowa Hausa, dariya za su yi masa.

Ba yawo ya kai shi ba. Autarsa ce, wadda miji ya tafi da ita ƙasar waje, take kwance a asibiti. Likitoci sun ce aiki za a yi mata a ciki, kuma ba ya jira. Ita kuma ta kafe, ta ce wuƙa ba za ta taɓa ta ba sai ta ga babanta. Surukinsa ya ce zai tare shi a filin jirgi.

Ya bi fasinjoji suka sauka, kowa fuska a murtuke, wasu na ta nuna ma'aikata da yatsa. Shi dai ba ya jin komai sai wuuu. Suka tsaya cirko-cirko a wani babban ɗaki, shi kuwa ya ga ƙofa a buɗe ya fice. Ko fasfo ba a tambaye shi ba. Ya ce a ransa, kai, mutanen nan akwai yarda.

A waje rana ta dake shi. Gumi ya fara bin bayansa a cikin kwat. Ya duba hagu, ya duba dama, fuskoki duk dishi-dishi, babu suruki.

Ya jira. Ya zaga. Ya dawo ya sake jira. Ya zaro hoton Auta, ya riƙa tare mutane yana nuna musu, yana jan yatsa a kan cikinsa alamar yanka. Wata mata ta rungume jakarta ta gudu. Wani ya motsa baki ya motsa baki, ya gaji ya tafi. Wani ma ya miƙa masa ruwa, ya ɗauka bebe ne.

Baba Kaca ya zauna a kan akwatinsa ya fashe da kuka, ƙaton tsoho da gemu. Yarinyar da ya goya a bayan keke har makaranta, ga shi ya tsallako duniya ya zo, za ta mutu tana kallon ƙofa.

Sai ga wani direba ya zo ya durƙusa har ƙasa a gabansa, ya yi magana mai tsawo, ya ɗauki akwatin. Baba Kaca ya ɗaga hannu sama. Suruki ya aiko!

A mota ya manna ido a gilashi. Titi fetal, gidaje sun tokare sama, fitilu na ba motoci hannu ba ɗan sanda. Ya girgiza kai, ya ce lallai mu a daji muke zaune. Direba na ta juyowa yana surutu, shi kuma yana gyaɗa kai, yana bubbuga masa kafaɗa alamar taka wuta.

Can titi ya fara tsukewa. Mota ta faɗa rami, kansa ya bugi rufi. Ashe su ma suna da talakawa. Har ya hango wata rumfa an rataye tayoyin keke a jikinta, a kulle da rana tsaka. Ya ja tsaki, ya ce masu gyaran nan ƙasar ragwaye ne.

Amma wane irin asibiti ne a wannan lungu? Ko sun gaji da jira sun sallame ta? Ko gawarta aka kawo gida?

Mota ba ta gama tsayawa ba ya diro. Ya banke ƙofa, ya manta da dokata, ya kwarma ihu: “Auta! Ga ni na zo! Auta, ki bari su yi miki!”

Wata mata ta fito daga ɗaki da gudu, ta yi turus. Ya damƙi hannunta yana cusa mata hoton a fuska, yana jan yatsa a ciki. Ta dube shi, ta dubi direba ta ji bayaninsa, ta kama kunnen Baba Kaca ta zaƙulo audugar.

“Malam,” in ji matarsa, “direban nan, ɗan maƙwabtanmu, ya ce jirginku ne ya lalace ya juyo, kuma tun ɗazu aka kwashe sauran fasinjoji a wani jirgin suka tashi. Kai me ya dawo da kai gida?”