Kawu Mai Yatsa Shida

Shinkafa na ƙonewa a kan wuta, Khairat na tsaye a gabanta tana sharar hawaye, idonta a kan waya. Hajiya Murja ta dawo daga ofis kenan, ƙauri ya tare ta tun daga get. Ta fizge wayar tana jiran ganin saƙon saurayi. Littafi ta tarar.

“Momi, ya sadaukar da fukafukinsa saboda ita,” in ji Khairat, tana jan majina.

“Ni kuma kin sadaukar min da tukunya. Wuce ki ba ni wuri!”

Littafin a wani guruf na waya ake sakinsa babi-babi duk Juma'a. Wata Anti Iyatu ce ke rubutawa, ba wanda ya taɓa ganin ko inuwarta. Labarin wata 'yar sakandare ne da ɗan sarkin aljanun ruwa, wanda ba ya tsufa, ba ya kallon wata, ba ya cewa cajinsa ne ya ƙare. Jarrabawar fita ta ƙarato, amma Khairat ta daina taɓa littafin makaranta. Abinci sai an yi faɗa. Ko baccin rana ta yi, murmushi take tana kiran sunan da ba na mutane ba.

Wata abokiyar aiki, Hafsah, ita ta yi wa Murja kwatancen Malam Yamusa mai ruƙiyya a Jiwa. Motoci jere a ƙofar gidansa har bakin gona, kowace da uwa mai ɗaure da fuska da 'ya mai kumburarren ido. Malam dattijo ne mai sanyin murya, kuma ko sisi ba ya karɓa. Alhamis ce kawai ba ya ganin kowa, ranar halwarsa ce.

Ya tsine wa littafin tas, ya yi karatu a ruwa, sannan ya dubi Khairat.

“'Yata, faɗa min mafarkin, kada ki rage komai. Ta ina ya shigo? Wane ƙamshi yake yi? Da ya riƙe hannunki me ya ce?”

Tana faɗa yana lumshe ido yana gyaɗa kai. Murja ta ce za ta fasa wayar kowa ya huta. Malam ya ɗaga hannu da sauri.

“Kul, Hajiya! In aka yanke wa aljanin hanya lokaci guda fusata zai yi. A bar ta tana karantawa, mu kuma muna aiki.”

Murja ba ta yarda da kowa ba, ko canji aka ba ta a kasuwar Gudu sai ta ɗaga shi a rana. Don haka ta shiga guruf ɗin da lambarta, wai ta san makamar abokin gaba. Ta fara daga babin farko a ofis, fayil buɗe a gabanta don idon oga. Kafin la'asar ta manta da fayil, ta manta da oga. Rabon da wani ya tsaya ya saurare ta kamar yadda aljanin nan ke sauraron yarinyar, ita kanta ba za ta tuna ba. Mijinta Alhaji kullum yana wajen kwangila, in ya dawo ma da waya biyu a kunne.

Juma'a ta zo, babi ya fito, Murja ta buɗe. Aljanin ya shigo ta tagar banɗaki yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka, ya ce da yarinyar ta daina cin farce. Mafarkin Khairat ne, ko wasali ba a canza ba.

Zargi ya tashi. Ta hana Rabi'atu ƙawar Khairat shigowa gidan. Ta sa aka canza labule. Ta tsare mai gyaran wayar da tambayoyi har ya rantse da kabarin ubansa. Khairat ma ta rantse ba ta ba kowa labari ba. Da Murja ta koma Jiwa da maganar, Malam ya girgiza kai.

“Ai na faɗa miki. Wannan Iyatu hannu kawai take ba da aro. Aljanin ke nuna musu a bacci, shi ke yi mata shifta.” Ya ƙura mata ido. “Ke fa, Hajiya? Idonki ya canza. Kin fara gani ko?”

Murja ta sa Khairat ta jira a mota. Ta gyara mayafi, ta dubi bango. Ta ce e, ta yi mafarki. Dattijo ne dogo, da furfura a gemu, da yatsa shida a hannun hagu, ya tare ta a lif ɗin ma'aikata ya karɓar mata jaka. Malam ya lumshe ido, ya sa ta maimaita wajen yatsun.

Juma'ar da ta biyo, uwa da 'ya suna falo, waya ta yi ƙara. Khairat ta riga buɗewa, ta yi ihu ta faɗo jikin uwarta.

“Momi, an kawo kawunsa! Wai mamar yarinyar yake so, a lif ya tare ta. Yatsa shida gare shi, Momi!”

Murja ta karanta har ƙarshe, a tsanake. Ba ta yi salati ba, ba ta nemi ruwan addu'a ba. Ta miƙe ta ɗauki makullin mota, ta cire takalmi mai tsini ta sa silifa, irin na wadda za ta je kokawa.

Don ita a gaskiya Ilyasu, mai sayar mata da kifi a kasuwar Kado, ta gani a mafarkinta, da sulɓinsa da ƙarninsa. Mai yatsa shida kunya ce ta sa ta ƙirƙiro shi nan take a kan buzu, kuma duk duniya kunnuwa biyu ne suka ji shi, suna nan ƙarƙashin rawanin Malam Yamusa.