Kofi Tara na Sanata Treadway

Awa bakwai ke nan Sanata Hollis Treadway yana tsaye yana zuba. Haka dokar majalisar take: muddin bai zauna ba, bai fita ba, ba a kaɗa ƙuri'a. In ya kai ƙarfe shida majalisa ta tafi hutu, ƙudurin sa ranar dawo da sojoji daga yaƙi ya bi ruwa.

"Ba a sa wa janyewa lokaci," in ji shi, karo na hamsin. "Abokin gaba kujera zai ja ya jira."

Maƙogwaronsa ya bushe. Sanata Dunlap, 'yar jam'iyyarsu da ke gefensa, ta sake turo masa ruwan sanyi.

"Sha, Hollis. Muna bayanka."

Ya shanye yana sa mata albarka a zuci. Kofi na tara ke nan.

Uku da rabi ya fara sauya ƙafa. Ya matse cinyoyi, gumi na tsiyaya. Huɗu saura biyar ya watsar da takardu ya nufi bayan gida, da saurin da ba a san ɗan shekara saba'in da shi ba.

Kafin ya dawo, an kaɗa ƙuri'a, ƙuduri ya samu amincewa.

Dunlap ta ajiye masa hoton wani saurayi cikin kakin soja.

"Wata goma sha takwas rabona da ɗana, Hollis. Ni tun safe na sa wa taka janyewar lokaci: ƙarfe huɗu. Har ka rage mini minti biyar."