Ranar da Magudanar Bunkure Ta Hau Kwalta

Tana tsugune a bakin magudanar ruwan Bunkure, tana kallonsa kai tsaye a wayarta daga taron 'yan fasaha a Kano. Abokin aikinta ne. Rani da damina ta yi tana rubuta manhajar da ke sanar da manoma lokacin sakin ruwa, shi kuwa ya kwashe ta, ya goge sunanta.

"Ni kaɗai na gina ta," yake gaya wa masu zuba jari. "Ku dubi allo. Ɗigon nan na'urata ce, tana cikin ruwa yanzu haka."

Mutumin da bai taɓa taka laka ba! Ita ta dasa na'urar da hannunta. Ta tsoma hannu ta ciro ta, ta tare wata akori-kura mai lodin tumatir, ta cusa ta cikin kwando.

"Hajiya, wannan fa?" in ji direban.

"Saƙo ne, Malam. Kai dai taka mota."

A kan babban allo, a gaban kowa, ɗigon magudanar Bunkure ya hau kwalta ya nufi Kano a guje. Ta gyara zama, ta ƙara sautin wayar, don kada bayaninsa ya wuce ta.